Tsufa hawa-hawa ne: yadda za a tsara kula da dattijo a Zariya tun yana kan ƙafarsa

Da asuba ce cikin hunturu Innarmu ta faɗi a banɗaki. Ta tashi alwala kamar kullum, buta a hannu, silifas ɗin roba a ƙafa, ta taka tayil ɗin da mu da kanmu muka sa mata da sunan gyara. Ko ihu ba ta yi ba. Jikarta da ke kwana ɗakinta ce ta ji shirun ya yi yawa ta leƙa. Kafin hantsi muna asibitin koyarwa na Shika, kafin azahar an ce ƙashin ƙugu ne. Mu shida ta haifa, kuma babu wanda ba ya aiko da na cefane, amma sai a barandar asibiti muka fara tambayar juna: wa zai riƙa kwana da ita, wane ɗaki za ta koma, kuɗin kuma daga ina? Fafe gora muka zo yi ranar tafiya.

A lokacin jinyar ne wani ɗan kawunmu da ke aikin nas a Amurka ya ba ni labarin inda yake aiki, unguwa ce guda ta dattawa zalla. Da farko tsaki na yi, don ni duk abin da aka kira gidan tsofaffi, gidan gajiyayyu nake gani. Da ya warware mini tsarin sai na ga akwai abin ɗauka, kuma ba ginin ba ne abin ɗaukar. Tunanin da ke bayansa ne: tsufa ba rana ɗaya yake saukowa ba, hawa-hawa ne, kuma ana iya tanadar wa kowane hawa abinsa tun ba a kai shi ba.

Mataki na farko: san yadda tsarin yake a inda aka ƙirƙiro shi

A Amurka ana taƙaita sunan irin waɗannan unguwanni da CCRC, kuma sun kai wajen 1,900. Yawanci ba a karɓar wanda bai kai shekara 60 da 'yan kai ba, kuma so ake mutum ya shiga da lafiyarsa. A fili ɗaya ake haɗa hawa huɗu. Na ɗaya, gidaje ne na waɗanda ke yi wa kansu komai, sai dai an ɗauke musu shara, gyaran famfo da girki in sun so. Na biyu, ɗakuna ne na masu buƙatar a kama musu wanka, sa kaya ko tuna musu magani. Na uku, sashe ne mai tsaro na masu cutar mantuwa. Na huɗu kuwa ɓangaren jinya ne, da nas-nas dare da rana. In jiki ya ja baya, sai a matsar da mutum daga wannan sashe zuwa wancan, bai bar abokan hirarsa ba, matarsa kuma tana iya takowa ta duba shi.

Abin da tsada. Akwai kuɗin shiga da kan fara daga wajen dala dubu 100 ya haura har miliyan, wanda mutane da yawa sai sun sayar da gidansu suke biya, sannan ga dubban daloli duk wata. Yarjejeniyar iri uku ce: akwai wadda za ka biya da yawa tun farko, kuɗin wata ba zai yi tsalle ba ko ka koma ɓangaren jinya, akwai mai rangwame na wani adadin kwanaki, akwai kuma wadda shiga ke da sauƙi amma duk hidimar da ta ƙaru da farashinta. Inshorar gwamnati ta tsofaffi, Medicare, ba ta biyan zaman dindindin. Iyakarta kwana 100 na jinya bayan an kwanta asibiti. Jamus da Japan sun bi wata hanya, suka kafa inshorar dole ta kula da tsofaffi, Jamus a 1995, Japan a 2000.

A Najeriya da sauran tafiya. Cibiyar lafiyar tsofaffi ta farko, wadda aka sa wa sunan Cif Tony Anenih, a asibitin koyarwa na Ibadan aka buɗe ta a 2012. Hukumar kula da dattawa ta ƙasa kuwa sai 2021 ta fara aiki. Don haka ga mutumin Kwarbai ko Tudun Jukun ko Samaru, hawa huɗun nan a cikin gida da dangi zai gina su. Kuma Zariya ta fi garuruwa da yawa buƙatar wannan tunani, saboda gari ne na 'yan fansho: jami'ar Ahmadu Bello tun 1962 take tara ma'aikata daga ko'ina, ga kwalejojin ilimi da kimiyya, ga makarantar jiragen sama, ga soja, ga tsofaffin ma'aikatan reluwe a Sabon Gari. Farfesa zai bar aiki yana ɗan shekara 70, ya miƙa makullin kwatas, ya koma gidan da ya gina a Hanwa ko Palladan, 'ya'ya kuma suna Abuja, Legas ko ƙetare.

Mataki na biyu: gano hawan da dattijonka yake

Kada ka tambaye shi. Tsohon Bahaushe ko ƙafarsa na ja, “lafiya lau, alhamdu lillahi” zai ce maka. Zuwa za ka yi ka kwana biyu ko uku a gidan, ka sa ido.

Likitoci suna da ma'auni mai sauƙi da wani likitan Amurka, Sidney Katz, ya fitar a 1963. Abubuwa shida ne: wanka, sa tufafi, zuwa banɗaki, tashi daga gado zuwa kujera, riƙe fitsari da bayan gida, da kai abinci baki. Wanda ke yin shidan da kansa yana hawa na ɗaya. In ɗaya ko biyu sun fara gagara, an shiga na biyu. In mafi yawa sun gagara, jinya ce sosai.

Sai dai kafin waɗannan su taɓu, akwai waɗanda ke rigan su lalacewa: lissafin kuɗi, shan magani kan lokaci, amfani da waya, cefane, shiga mota shi kaɗai. Ni na ƙara da nawa ma'aunin na gida. Baba yana zuwa masallaci sallar asuba har yanzu, ko ya fara cewa sanyi? Hajiya ta koma salla a zaune ba ta faɗa wa kowa ba? Zanin da take ɗaurawa ya fara yi mata yawa? Buɗe kwandon magani ka ƙirga: in an saya na wata ɗaya kuma bayan mako uku rabi na nan, ka sami amsa.

Daga nan sai asibiti, ba don ciwo ba, don a san inda aka tsaya. A auna hawan jini da suga, a duba ƙoda, ido da kunne. Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan ko na Wusasa sun isa wannan, in abin ya fi ƙarfinsu su tura Shika. Yanar ido aikinta ɗan ƙarami ne, ga kuma cibiyar ido ta ƙasa a Kaduna in ta kama. Tsofaffi da yawa da ake cewa sun rikice, ji ne ko gani ya ragu. Ranar zuwa, a zuba duk magungunan da yake sha a leda ɗaya, har da na gargajiya da na kemis, a ajiye wa likita a tebur. A leda irin wannan aka gano Inna tana shan maganin ciwon gwiwa iri biyu masu aiki ɗaya, ga wata ƙwayar barci da wani mai kemis ya ba ta, wadda likita ya ce tana iya zama sanadin jirin da ya kayar da ita.

Mataki na uku: zaman 'yan uwa

Nan ne ake samun saɓani, shi ya sa ake gudunsa. A yi shi tun ana dariya, misali washegarin salla da kowa ya zo gida. A fara da dattijon kansa, shi kaɗai, kuma wanda ya fi jin maganarsa ya shiga. Ba a cewa “Baba, ka tsufa.” Yayarmu cewa ta yi: “Inna, so muke mu san abin da kike so, don kada wata rana mu yi miki abin da ranki bai so ba muna ganin gata muka yi.” Inna ta daɗe tana jan carbi, sannan ta ce abu biyu: kada a raba ta da ɗakinta, kada kuma surukarta ta yi mata wanka. Wannan magana ta biyu ta warware mana rigimar da ba mu ma san tana tafe ba.

Bayan haka 'ya'ya su zauna da biro da takarda. A tsayar da mutum ɗaya mai yanke shawara in abu ya taso da dare, kuma ba dole ya zama babban ɗa ba, wanda ke kusa kuma wayarsa ke shiga ya fi. A buɗe asusu na musamman, kowa ya faɗi abin da zai iya duk wata, a riƙa tura lissafi a zauren WhatsApp na gida. Sannan a amince da wata gaskiya da ba a son faɗi: wanda ke wanke fo da dare ya fi wanda ya turo dubu hamsin bayarwa. In 'yar uwa ta bar sana'arta don jinya, a yanka mata wani abu daga asusun, ba tare da ta roƙa ba.

A tattara takardu wuri guda: katin asibiti, lambar NIN, takardun fansho, na gida da na gona. Tsofaffin ma'aikatan tarayya da ke ƙarƙashin hukumar fansho ta PTAD ana neman su riƙa tabbatar da suna raye ta waya ko kwamfuta, in aka yi sakaci fansho na iya tsayawa. A bincika inshorar lafiya kuma: Jihar Kaduna na da hukumarta, KADCHMA, dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 kuma ta sa tsofaffi cikin masu rauni da ya kamata a tallafa wa. A je ofis a ji abin da katin ke ɗauka da abin da ba ya ɗauka. Batun katin ATM, mutum ɗaya ya riƙe, wani daban ya riƙa ganin alat.

Mataki na huɗu: gyara gidan tun kafin a buƙata

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 28 zuwa 35 cikin 100 na waɗanda suka kai shekara 65 suna faɗuwa aƙalla sau ɗaya a shekara. Karayar ƙugu kuma ita ce ke ɗauke tsoho daga hawa na ɗaya ta dire shi a na huɗu cikin dare ɗaya. Gara ka kashe kuɗi nan da ka kashe su a gadon asibiti.

Fara da banɗaki. Tayil mai sheƙi a cire shi, ko a shimfiɗa tabarmar roba mai kama ƙasa. Masan tsuguno ya zama na zama, in ba hali a sayi kujerar fo a ɗora a kai. Ka kira mai walda ya kafa ƙarfen kamawa a bango, ɗaya kusa da masai, ɗaya wurin wanka, da ƙusoshi masu shiga bulo sosai, ka rataya da nauyinka ka gwada kafin ka sallame shi. A sa kujerar roba mai ƙarfi don wanka da alwala a zaune. Ƙofar banɗakin ta riƙa buɗewa ta waje, domin wanda ya faɗi a ciki jikinsa ne ke tokare ta. A cire sakatar ciki.

Sai hanyar da ke tsakanin gado da banɗaki, wadda ita aka fi bi cikin duhu. A kawar da darduma mai naɗewa da wayar caji, a sa ƙwan sola da ke kwana a kunne, kada a dogara da wutar NEPA. Gidajen cikin birni suna da dokin ƙofa mai tsawo da tsakar gida mai kwari da tudu. Buhun siminti biyu ya isa a yi gangara a daidaita. Faɗin ƙofa ya kai santimita 80 zuwa 90 don keken guragu ya wuce. Katifar ƙasa, duk da tsofaffinmu na sonta, tashi daga kanta wahala ne. Gadon da ya dace shi ne wanda in ya zauna a bakinsa tafin ƙafarsa zai taɓa ƙasa.

Abu ɗaya game da ɗaki: kada a kai shi can ƙuryar gida da sunan hutu. A bar shi inda zai ji hayaniyar jikoki, inda abokansa za su shigo daga zaure ba sai sun ratsa mata ba. Kaɗaici na cin tsoho kamar ciwo. Da sanyi kuma kada a kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki, hayaƙinsa marar wari yana kisa.

Mataki na biyar: mai kama masa

In an shiga hawa na biyu, ana buƙatar hannu na kullum. Namiji ga namiji, mace ga mace. Kada a ɗora wa yarinya 'yar shekara goma sha biyu ko almajirin gida ɗaga babban mutum. A nemi baligi ta hannun wanda aka sani, a ga gidansu, a yi maganar albashi da ranar hutu a fili, a gwada shi mako biyu. Ka lura da dattijon in mai kular ya shigo: fuskarsa na sakewa ko yana yin tsit? Ka riƙa zuwa ba sanarwa.

A ajiye littafi a ɗakin, a rubuta maganin da aka sha, abin da aka ci, awon jini da fitar bayan gida. Kada kuma tausayi ya sa a ƙwace masa abin da yake iyawa. In yana iya ɓalle maɓallin rigarsa cikin minti biyar, a bar shi ya yi. Abin da aka daina yi, shi ke tafiya.

Mataki na shida: in gigin tsufa ya shigo

Da farko a bambance abu biyu. Ruɗewar da ta zo farat ɗaya, jiya lafiya yau ba ya gane mutane, yawanci wani ciwo ne a ƙasa: sanyin mafitsara, zazzaɓi, faɗuwar suga, ƙarancin ruwa a jiki ko wani magani. Wannan na asibiti ne a ranar, kuma sau da yawa yana warkewa. Wadda ke tafiya a hankali cikin watanni da shekaru ita ce cutar mantuwa. Sama da mutum miliyan 55 ke fama da ita a duniya, kuma kashi 60 zuwa 70 cikin 100 nau'in Alzheimer ne. Ciwon ƙwaƙwalwa ne. Ba maita ba ce, ba asiri ba ne, ba kuma tonon abin da mutum ya shuka ba ne, duk da abin da ake raɗawa a unguwa. A yi addu'a, a kuma kai shi sashen ƙwaƙwalwa a Shika ko asibitin Barnawa a Kaduna.

Zama da mai wannan ciwo sai an sake koyon magana. In Hajiya ta ce a kai ta gidansu wurin babanta, wanda ya rasu shekara arba'in, kada a ce mata ya rasu, sabon makoki za a sa ta. A ce, “To Hajiya, bari a sha kunu tukuna. Wai a wace unguwa gidan yake?” Sai hira ta ɗauke ta. In ta ce an sace mata kuɗi, a taya ta nema, kada a tsaya rantse-rantse. Rikicin ya fi tashi daga la'asar zuwa magariba, don haka a kunna fitila da wuri, a rage baƙi a lokacin.

Fita ita ce babban haɗari. A sanar da maƙwabta, mai shagon bakin layi, limami da mai unguwa. A ɗinka lambar waya a cikin rigunansa, a sa ƙararrawa a ƙofar gida, a ajiye sabon hotonsa a waya. Ɗaure shi ko kulle shi a ɗaki ƙara haukata shi yake. A ƙasar Holan akwai wani ƙauye da aka buɗe a 2009, Hogeweyk, da aka gina wa masu mantuwa, suna yawo da cefane abinsu ƙofar waje kawai ake tsaro. Gidan Bahaushe mai tsakar gida da zaure ɗaya kusan haka yake, in an lura.

Mataki na bakwai: kwanciya

Kafin a baro asibiti, mutum biyu daga gida su tsaya nas ta koya musu juyi, ɗagawa, canza famfas da kula da robar fitsari. A juya majinyaci duk awa biyu, a duba ƙugu, gadon baya da dugadugai kullum. Jan da bai washe ba in an danna shi, farkon gyambon kwanciya ne. Katifar iska mai famfo tana taimakawa, amma ba ta ɗauke juyi. A ciyar da shi a zaune, a bar shi a zaune rabin awa bayan ci. Mu Zazzagawa da ake yi wa tsiya da fate, nan ranarsa take: yana da laushi, yana ɗaukar ganye, a dai ƙara masa wake, kifi ko ƙwai. In yana ƙwarewa ko tari duk lokacin sha, a gaya wa likita, abinci na iya bin hanyar huhu. A nemi likitan gashin ƙashi ya riƙa zuwa gida, da nas ko sau ɗaya a mako.

A manna a bango lambar mai mota ko mai Keke Napep biyu da za su ɗauka da tsakar dare. Karkacewar baki, mutuwar hannu ko sarƙewar magana alamun shanyewar ɓarin jiki ne: a tafi asibiti nan take, kada a ɗura masa komai a baki. Mai jinya kuma a karɓe shi aƙalla kwana ɗaya a mako. Yayarmu sai da hawan jininta ya tashi muka farga.

In dole ta sa a nemi gidan kula

Akwai wanda ba shi da ɗa, akwai wanda 'ya'yansa ke ƙetare, akwai jinyar da ta fi ƙarfin gida. Wanda ya kai nan ba abin zagi ba ne. Irin waɗannan gidaje sun fi yawa a Legas, Ibadan da Abuja, wasu na coci, wasu na 'yan kasuwa. Gani ya kori ji: ka je da kanka sau biyu, ɗaya ba sanarwa, kuma lokacin cin abinci. Hancinka zai fara ba ka labari. Ka nemi takardar rajista, ka tambayi ma'aikata nawa ke kwana da mutum nawa, akwai nas mai lasisi da dare, wane asibiti suke kai wa, wa ke yi wa mata wanka, yaya batun salla da abinci. Babbar tambaya ita ce ta hawa: in ya kwanta ko ya rikice, za ku ci gaba da riƙe shi, a nawa, ko za ku ce mu zo mu ɗauka? A rubuta amsar cikin yarjejeniya. Kada ka biya kuɗin shekaru a dunƙule. Ko a Amurka an yi irin waɗannan unguwanni da suka karye, kuɗin shigar mutane ya maƙale.

Inna ta yi wata huɗu kafin ta taka da sandar nan mai ƙafa huɗu. Tana ɗakinta har yanzu, a hawa na biyu, 'yar ƙanwarta ce ke yi mata wanka. Tayil ɗin mun fasa shi tun tana asibiti, keken guragun kuma yana jingine a bayan ƙofa, ta rufe shi da tsohon zani don ta ce ba ta son ganinsa.